Hope, Joy, Grace, Rain: wai waɗannan sunaye ne ko kalmomi ne kawai?

Tambayar wannan makon daga wata 'yar uwa ce a Jos, ta ce maƙwabciyarta ta haihu an sa wa yarinya Rain, ita kuma ta san ruwan sama ake nufi da wannan kalmar a Turanci, to wai haka kawai Turawa ke ɗauko kalma a sa wa yaro? Kuma su Hope da Joy da Grace da muke ji kullum me suke nufi?

'Yar uwa, eh haka suke yi, kuma abin ba na yau ba ne. Tun wajen shekarun 1600 wasu Kiristoci masu tsananin riƙon addini a Ingila, da waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka daga cikinsu, suka ɗauki al'adar sa wa 'ya'ya sunan halin kirki. Faith bangaskiya ce, Hope bege ko fata, Grace alheri, Joy murna, Mercy jinƙai, Patience haƙuri. Bangaskiya da bege da ƙauna an jero su tare a Littafi Mai Tsarki na Kirista, cikin 1 Korintiyawa 13:13, daga nan waɗannan ukun suka samu farin jini. Akwai na furanni irin su Rose da Lily, akwai na watanni, May da June wato Mayu da Yuni, sai kuma na baya-bayan nan da suka karkata ga halittu, Sky sararin sama, River kogi, Dawn ketowar alfijir, Rain ɗin maƙwabciyarki ma a nan ya faɗo. Mu nan Najeriya kuwa har mun fi masu harshen ƙwazo a wannan fannin, ga Blessing ga Gift ga Sunday ga Friday, shugaban ƙasarmu na 2010 zuwa 2015 Goodluck ne sunansa wato sa'a, matarsa kuma Patience.

Amma abin da nake so ki lura da shi, mu ma fa haka muke, kawai dai kunne ne ya saba. Ladi da Talatu da Laraba da Jummai da Asabe ba ranakun mako ba ne? Mutumin da ake kira Sunday da wanda ake kira Ɗanladi ai suna ɗaya gare su. Azumi wata ne kamar yadda June yake wata. Wanda aka haifa ana tsuga ruwa Bahaushe ya ce masa Anaruwa, mace kuma Marka, kinga ke nan mun riga maƙwabciyarki sa wa yaro sunan ruwan sama. Kiristocin Hausa kuma suna da Alheri da Murna da Godiya da Kyauta da Dogara, fassarar su Grace da Joy da Gift ke nan kai tsaye. Har sunayen Larabcin da ake yayi yanzu, Amal fata ce, Iman bangaskiya, Nur haske, Basma murmushi, Balarabe in ya ji su kalmomin yau da kullum yake ji. Don haka Hope da Amal da Fata ma'anarsu guda.

Wani abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ƙofar da Turancin ya bi ya shigo gidajen Musulmi. Sunan yanka dai na Larabci ne, shi liman ke raɗawa ranar suna, amma in yaro ya ci sunan kakansa uwar ba za ta iya buɗe baki ta kira sunan surukinta ba, sai a nemi na alkunya. Da can Abba ne ko Baba ko Ummi, yanzu sai ki ji Dadi, Momi, Bebi, Boyi, kuma sunan ya bi mutum har ya yi furfura ana ce masa Bebi. Kunyar ta gado ce, kalmar ce ta aro.

Inda nake jan kunnen masu haihuwa shi ne a gwada sunan a bakin Bahaushe tukuna. Harshenmu ba ya son kalma ta ƙare da baƙi, sai ya liƙa mata wasali, shi ya sa Rose ke komawa Rosi, Joy ta zama Joyi. To Rain fa? Kakar yarinyar nan Reni za ta ce, reni kuwa a Hausa kin san wulaƙanci ne, kuma yara a makaranta ba sa barin irin wannan ta wuce su. May ma haka, a kira ta a ji kamar ana tambayar me. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin wanda zai amsa sunan shekara saba'in.

Akwai kuma wani ɗalibi daga Maraɗi da ya tambayi ma'anar karin maganar nan, suna linzami. Ɗana, linzami shi ne ƙarfen da ake sa wa doki a baki, mahayi ya ja ragama dokin ya juya. Ma'ana ta farko a fili take, ko cikin kasuwa mutum yake in aka ambaci sunansa dole ya waiwayo. Ta biyun ita ce mutane na ganin suna na jan mai shi zuwa ga halin da sunan ke ɗauke da shi, shi ya sa in mai suna Haƙuri ta cika faɗa za ka ji tsofaffi na cewa wannan ba ta bi sunanta ba. Masu sa Patience da Grace a Ingila ma fatan da suke yi wa 'ya'yansu ke nan.