Na yi istihara raina ya kwanta, sai gwajin jini ya zo da matsala

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Don Allah ina cikin ruɗani, akwai wanda muke tare shekara biyu har manya sun shiga maganar, na yi istihara kuma wallahi raina ya kwanta da shi, to da muka je gwajin jini sai aka ce ni AS shi ma AS, wato dukanmu muna ɗauke da ƙwayar gadon cutar sikila. Mama ta ce a bar wa Allah, shi ke ba da lafiya. Wanne zan bi, istiharar ko takardar asibiti?
Daga wata 'yar'uwa a Kano

AMSA: Sannu ƙanwata, Allah ya kawo mafita. In AS ta auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila, kuma ba wai in kin haifi huɗu ɗaya ne kawai zai zo da ita ba fa, kowane ciki lissafinsa daban ne, sai a jera uku duk SS, wato masu sikila, wani gidan kuma su dace. Tambayi uwar da ke jinyar mai sikila, yaro ya kwana yana ihun ciwon ƙashi, gari na wayewa ana yawon neman jini. Ba a banza Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024 ba.

Ita kuma istihara, duba addu'ar da ta zo a Bukhari, babu batun mafarki a ciki. Cewa kika yi in alheri ne Allah ya sauƙaƙa miki, in sharri ne ya kawar da shi daga gare ki, ke ma ya kawar da ke daga gare shi. To wa ya ce wannan takardar ba ita ce amsar ba? Soyayyar shekara biyu kam ai ko ba istihara rai zai kwanta, kar mu yaudari juna.

Maganar Mama gaskiya ce, Allah ke ba da lafiya. Amma Sayyidina Umar da ya nufi Sham ya ji ana annoba juyawa ya yi, Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce e, daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Waye a cikinmu ya kai shi tawakkali?

Ku sake gwajin a wani asibitin daban don ana samun kuskure. In ya sake fitowa haka, ni dai shawarata ki haƙura, na san da ciwo. Ki kuma lallaɓa Mama ku je tare, ta ji bayanin daga bakin likita.