Likita, dole ne sai na kama ɗaki mai kilim? Tambayoyin matafiya kan zafin bazara

Tun da Maris ya kama, kusan duk saƙon da ya shigo mini zancen zafi ne. Daga Maris har ruwan farko ya sauka, a Garwa da Marwa da Kusiri da Njamena ma'aunin zafi yakan haura digiri 40 da rana, wasu ranakun ya doshi 45. Na ware saƙonnin matafiya, don su zafin ya fi yi wa ba-zata.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni haifaffen Garwa ne, amma shekara 12 ke nan ina kasuwanci a Yawunde. Zan je Kusiri sarin kaya a watan Afrilu, kwana huɗu. A otal, ɗaki mai kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya kusa ninka kuɗin mai fanka. Shekaruna 38, lafiyata lau. Dole ne ko almubazzaranci ne?

Amsa: Alhaji, haihuwar Garwa ba riga-kafi ba ce. Jiki yana sabawa da zafi, yana kuma mantawa. Wanda ke zaune cikin zafin yakan fara gumi da wuri, gumin ya yi yawa, gishirin da ke bin gumin ya ragu. Wannan sabo yana cin mako ɗaya zuwa biyu kafin ya zauna, 'yan makonni a gari mai sanyi kuma sun isa su goge shi. Bakinka na 'yan gari ne, jikinka kuwa baƙo ne. Hanyar ma tana da yaudara: ka kwana a jirgin ƙasa, ka wayi gari a Ngawundere, bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,100, iska na kaɗawa, ka ce ashe abin da sauƙi. Sai mota ta gangara kwarin Binuwai ka ji kamar an zaunar da kai a bakin murhu.

Ni dare nake dubawa. Yini guda zuciya tana tura jini zuwa fata don jiki ya fitar da zafi, da dare ne take samun sararawa. In ɗakin bai huce ba, ta kwana tana aiki, kai ma ka kwana kana juyi, ka tashi da ciwon kai ka sake shiga rana. Kwana ɗaya jiki zai jure, na uku ne ke kayar da mutum. Ɗakin bulo mai rufin kwano kuwa yakan yini yana shan rana, ya kwana yana amayar da ita.

To, ga lafiyayye mai shekarunka ba zan ce dole ba. Amma in aljihu zai ɗauka, ka kama mai kilim ko na daren farko da na biyu ne kawai. In mai fanka za ka kama, kada ka biya a gaban teburin karɓar baƙi sai ka ga ɗakin. Ka je da la'asar ka dafa bango da tafin hannunka. Ka guji wanda ke fuskantar yamma da wanda ke saman bene, ka nemi mai taga biyu da iska za ta ratsa. Ka yi wanka kafin ka kwanta, ka jiƙa zanen gado ka matse ka lulluɓa, fanka tana kaɗawa. Dabarar tana ci sosai a Maris da Afrilu saboda iskarmu busasshiya ce, ruwan yana saurin tashi ya tafi da zafin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa in zafin wuri ya wuce digiri 40, fanka ita kaɗai zafi take ƙara wa jiki, don haka da tsakar rana a jiƙa fata tukuna.

Tambayar da matafiya ke mantawa ita ce ta wuta. A ƙarshen rani ruwan madatsar Lagdo yakan ja baya, lantarkin da take bayarwa ya ragu, a Njamena ma ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne. Ɗakin da aka yi domin kilim sau da yawa tagarsa ƙarama ce, ko ma a liƙe take. Wuta na ɗaukewa ya koma tanda, mai fanka da ke da taga ya fi shi. Ka tambaya ko suna da janareta, ko yana ɗaukar kilim, kuma ƙarfe nawa suke kashe shi.

Tambaya: Likita, zan kai mahaifiyata Njamena bikin jikarta. Shekarunta 74, tana da hawan jini da ciwon suga, tana allurar insulin. Ta ce ita ba ta kwana a firji, tabarma a tsakar gida ta ishe ta. Yaya zan yi?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara wa Inna lafiya. A nan ba na sassautawa: kuɗin ɗaki mai sanyi a lissafa shi cikin kuɗin magani. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, guminsa kaɗan ne, zuciyarsa ba ta da rarar ƙarfin da aikin zafi ke nema. Ciwon suga yana raunana jijiyoyin da ke sa gumi, kuma in sugan ya hau, fitsari yana kwashe ruwan jiki. Wasu magungunan hawan jini, irin su furosemide da hydrochlorothiazide, aikinsu ke nan fitar da ruwa. Kada ku daina su da kanku. Ku je wurin likitanta kafin tafiya, ya duba ko zai rage, ya kuma faɗa muku yawan ruwan da za ta sha in tana da matsalar zuciya ko ƙoda.

Amma Inna tana da gaskiyarta. Abin da ta ƙi shi ne ɗakin da aka sa wa digiri 16, ni ma ba na son sa. Ki sa 27, ki kunna fanka a hankali, ki juya iskar kada ta riƙa dukanta kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ma wannan ma'aunin ta ba da shawara. In ta kafe sai tsakar gida da dare, a bar ta, da gidan sauro, matuƙar wurin yana shan iska. Abin da ba za a bari ba shi ne zaman rumfar biki daga azahar zuwa la'asar. Waɗannan awoyin ta yi su a ɗaki mai sanyi, ko awa biyu zuwa uku a yini suna rage wa jiki nauyi. A riƙa miƙa mata ruwa ba sai ta nema ba.

Insulin ba ta son zafin da ya wuce digiri 30, ba ta kuma son daskarewa. Kada a bar ta a jakar hannu cikin mota. In babu firji, a ƙulle ta a leda a ajiye a gindin randa, cikin jiƙaƙƙen yashi. In kin ga Inna ta fara rikicewar magana, ko barci ya yi mata yawa, ko jiri na ɗibanta in ta miƙe, a auna suganta a tafi asibiti. Kada a tsaya cewa gajiyar biki ce.

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Marwa. Duk lokacin da aka tura mu taro Garwa na kwana a ɗaki mai kilim, sai na tashi da mura da kaushin maƙogwaro. Abokaina sun ce nimoniya nake nema wa kaina. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, nimoniya ƙwayar cuta ke kawo ta, sanyin na'ura ba ya haifar da ita. Abin da ke damunka bushewa ce da ƙura. Kilim yana tsotse danshin iska, a garin da dama iskarsa a bushe take, sai hanci da maƙogwaro su bushe, wasu har haɓo suke yi. Ga kuma ragar da ke cikin na'urar, wadda a wasu masaukan ƙurar hunturu biyu na kwance a kanta. Mai asma ya fi kowa shan wahalarta. Ka roƙi a cire ta a wanke, aikin minti goma ne. Ka ɗaga ma'aunin zuwa 26 ko 27, ka ajiye ruwan sha kusa da gado.

Akwai dai wata nimoniya da ake dangantawa da na'urorin sanyaya gini. An gano ta a 1976 bayan taron tsofaffin sojoji a wani otal a Filadelfiya ta Amurka. Ƙwayar tana rayuwa ne a ruwan ɗumi da ke kwance cikin manyan na'urori da bututun wanka. Ƙaramin kilim na bango ba ya aiki da irin wannan tankin ruwa. Abin da ya fi ba ni tsoro a masaukanmu shi ne hayaƙin janareta. Gubar da ke cikinsa ba ta da wari ko launi, tana kashe mutum cikin barci. In janareta yana gindin tagarka ko a baranda, ka sauya ɗaki.

Tambaya: Likita, jaririna wata huɗu. Za mu je suna Marwa daga Garwa. Uwar mijina ta ce in riƙa ba shi ruwa saboda zafi, kada in shigar da shi ɗaki mai kilim, ta kuma ce zafin ɗaki ne ke kawo sanƙarau.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki ba shi ruwa. Har ya cika wata shida nono ya ishe shi, don mafi yawan nono ruwa ne. Ki ƙara yawan shayarwa, ke kuma ki sha ruwa sosai. In yana jiƙa ƙyalle kamar sau shida a yini, yana samun abin da ya ishe shi. In fitsarin ya ragu, maɗigarsa ta faɗa, ya ƙi kama nono, asibiti. Ɗaki mai kilim a digiri 26 ko 27 ba ya cutar da shi, da riga mara nauyi, nesa da bakin iskar. Goyo cikin zani biyu da tawul a motar haya da tsakar rana ya fi shi haɗari nesa ba kusa ba. Ku kama motar asuba.

Zancen sanƙarau kuwa, uwar mijinki ta ga abin da ta gani, don lokacinsa ke nan. Ƙwayar cuta ce da ke bin numfashi. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana cikin hanci, cunkoso a ɗaki mara taga yana sauƙaƙa yaɗuwarta. Tun da aka yi gagarumin riga-kafi a Chadi da arewacin Kamaru daga 2011, nau'in da ya fi yi mana ɓarna ya ja baya ƙwarai, amma akwai sauran nau'o'i. Kada ki kwana da shi a ɗakin da mata goma sha suka cunkushe. Zazzaɓi da kumburin maɗiga ko sanƙarewar wuya ba a kwana da su a gida.

Tambaya: Ni direban babbar mota ne, Garwa zuwa Njamena. Mu otal ɗinmu ƙarƙashin mota ne. Bara yaron motata ya faɗi bayan mun wuce Waza, yana sambatu, jikinsa kamar garwashi. Na ba shi parasitamol. Daidai na yi?

Amsa: Direba, Allah ya kiyaye gaba, amma parasitamol ba ya aiki a nan. Wannan bugun zafi ne: zafin jiki ya haura digiri 40 har ƙwaƙwalwa ta rikice, kuma yana kisa cikin ƙanƙanin lokaci. Ka ja shi inuwa, ka cire masa kaya, ka kwarara masa duk ruwan da ke motar, ana yi masa fifita, a sa jiƙaƙƙen ƙyalle a wuya da hammata da matsematsi. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki, a kwantar da shi ta gefe. Ana jiƙa shi ana tafiya asibiti mafi kusa, ko da ya farfaɗo, don zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau ma suna zuwa da wannan kama.

Kafin a kai ga haka akwai alamu: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ɗaurewar nama, fitsari ja kamar shayi. Mai waɗannan a zaunar da shi a inuwa a ba shi ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Canjin taya da ɗaurin kaya a bar su sai safe ko yamma in hali ya yi. Kwanan waje kuma ba ni da ja a kansa, ya fi cikin kan mota da gilashi a rufe. Sai dai in kun kwana Kusiri kuna jiran a buɗe gadar Ngeli ta shiga Njamena, ku ɗaura gidan sauro, don bakin kogin Logon ba ya rasa sauro ko da rani.