Na faɗi JAMB, yanzu ko littafi na buɗe sai gabana ya faɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. Bara na rubuta JAMB, jarrabawar shiga jami'a, na samu 148. Tun daga nan nake ganin ni ba ni da kan karatu. A ɗakin jarrabawa ma hannuna rawa ya riƙa yi a kan linzamin kwamfuta. Yaya zan dawo da ƙarfin gwiwata? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ƙarfin gwiwa bayan aiki yake biyowa, don haka kada ki zauna jiran ranar da tsoron zai tafi kafin ki fara. Masanin halayyar ɗan Adam, Albert Bandura na jami'ar Stanford a Amurka, ya bayyana tun 1977 cewa babban abin da ke sa mutum ya yarda da kansa shi ne ya yi abu da hannunsa, ya ga ya yiwu. Lallashin "za ki iya" yana da amfani, amma da wuya ya raka mutum har ɗakin jarrabawa.

Ki samo tambayoyin shekarun baya. Kullum ki ɗauki goma daga babi ɗaya, ki rufe littafi ki amsa, ba tare da duba agogo ba. In kina cin shida ko bakwai, kina daidai wurin da ya dace. In biyu kike ci, babin ya yi miki tsayi, ki koma littafin SS1 ki gyara tushe, kuma babu abin kunya a ciki.

Sai ki ware littafi guda na kurakurai. Duk tambayar da kika faɗi ki rubuta dalili a gefenta: ban sani ba, na sani na manta, ko gaggawa ce ta sa ban karanta tambayar da kyau ba. Wannan littafin shi ne maganin kalmar "ba ni da kan karatu", domin za ki ga matsalar tana da suna kuma tana da iyaka. Mai yiwuwa babi huɗu ne kawai ke cinye miki maki. Inda ɗalibai ke yaudarar kansu shi ne maimaita karanta shafi da ja masa layi; ido ya saba da rubutun, sai su ɗauka ya zauna, ranar jarrabawa kuma ya ƙi fitowa.

Bayan mako biyu ki shigo da agogo. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗayan sauran darussa uku, wato kusan daƙiƙa 40 kowace tambaya. Ki gwada tambaya 40 cikin minti 27.

Rawar hannu kuwa rashin sabo ne. Ki je cibiyar CBT, wato wurin rubuta jarrabawa da kwamfuta, ki yi gwaji ko sau uku, ki saba da maɓallan A zuwa D, da N na gaba, da P na baya. Ki rubuta jarrabawar gwaji ta JAMB in da hali. Amma in fargabar ta hana ki barci ko cin abinci fiye da mako biyu, ki ga likita.

Tambaya: Ɗana yana aji huɗu na firamare, ba ya ɗaga hannu a aji ko ya san amsa. Daga wani mahaifi a Gusau.

Amsa: Malam, a daina kiransa daƙiƙi ko da wasa, a kuma daina auna shi da yayansa. In za a yabe shi a faɗi abin da ya yi: "Ka sake lissafin nan har ya fita." Bayan magariba ya karanta wa ƙannensa da ƙarfi na minti biyar, kada a katse shi da gyara sai ya kai aya. Ku roƙi malaminsa ya fara jefa masa tambayar da ya tabbata ya sani. Sannan a kai shi asibiti a duba idonsa da kunnensa, don yaron da ba ya ganin allo sosai yakan yi shiru a ɗauka kunya ce.