Amsa ga 'yar'uwa mai tambaya kan gwajin filasta na alajin fata

Sannu 'yar'uwa, Allah Ya ba ki lafiya. Kin ce hannuwanki da fatar idanunki sun daɗe suna ƙaiƙayi suna tsagewa, an yi miki gwajin jini da na tsira allura ba a ga komai ba, yanzu kuma likitan fata ya ce a yi gwajin filasta a baya, kina tambaya ko ba ɓata lokaci ba ne. Ciwon da nake fama da shi ke nan, shi ya sa na kasa wucewa. Don Allah ki je ki yi.

Waɗancan gwaje-gwajen biyu, alajin da ke tashi nan take suke kamawa, irin borin jini, shi ya sa ake duba na tsira bayan minti 15 zuwa 20. Wanda ake zargi a jikinki mai jinkiri ne, sai kwana ɗaya zuwa uku bayan abu ya taɓa fata sannan ta tashi. Ina mutum zai tuna abin da ya shafa shekaranjiya?

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake barin masu wannan ciwo suna ta zagaye. A ba ki man sitiroid, ya lafa, ki daina, ya dawo, a ba ki wanda ya fi ƙarfi. Ba mai tambayar me kike shafawa ko wane aiki kike yi da hannu. Wani ma ya ce damuwa ce, ko ya dube ki kamar ba kya tsafta. Ga dare ba barci, ana susa har jini, ruwa ya shiga tsagar yatsu hawaye su zubo, a riƙa ɓoye hannu cikin mutane. Mafi ciwo, wani lokaci maganin da aka ba ki shi ne mai laifin: neomycin da lanolin da ake sawa a mayukan shafawa, har da sitiroid ɗin kansa, duk suna iya jawo wannan alajin.

Ranar farko za a manna miki filastoci a saman baya, ɗauke da 'yan ƙananan faifai, kowanne da sinadari ɗaya da aka tsarma. Jerin da ake amfani da shi a Turai ya ƙunshi wajen sinadarai 30, jerin T.R.U.E. Test kuma, wanda ake haɗowa a shirye daga kamfani, 35. Akwai nikel na 'yan kunne da maɓallan ƙarfe, kuromiyam na siminti da jemammiyar fata, PPD na rinin gashi, haɗin turaruka, da sinadaran robar safar hannu. Bayan awa 48 a cire, a zana wuraren da alƙalami, a duba. A sake dubawa bayan kwana 3 ko 4 da mannawa, kuma wannan zuwan shi ne gwajin, kar ki tsallake shi. Jan da matsewa ko zafin sinadari ya jawo yakan lafa bayan cirewa, na alaji kuwa ƙaruwa yake yi. Ki nemi a ƙara dubawa rana ta 7, domin neomycin da sitiroid sukan makara.

Kar ruwa ya taɓa bayanki sai an gama duba na ƙarshe. Ba motsa jiki, ba aikin gumi, ki sa tsohuwar riga don alƙalamin yana ɓata kaya. Zai yi ƙaiƙayi, kar ki susa. Idan gefen filasta ya ɗaga, a ƙara wata a danne shi. Kafin ranar kuma, ki daina shafa sitiroid a bayan na mako guda, ki kare shi daga rana na 'yan makonni. In kina shan prednisolone, wato sitiroid na sha, ki faɗa, musamman in ya kai miligiram 20 a rana, yana danne sakamako. Amma kar ki yanke shi da kanki. Ƙwayar ƙaiƙayi irin cetirizine ba ta hana komai. Mai juna biyu yawanci ana ɗaga mata. Idan bayan naki ma ya tashi, a jira ya kwanta, in ba haka ba wurare da yawa za su kumbura a ɗora wa abin da bai ji ba bai gani ba laifi.

Ga mai duhun fata ja ba ya fitowa sosai, don haka ki lura ko mai dubawa yana shafa wurin da yatsa ya ji tudu ko ƙananan ƙuraje. Wurin da ya tashi yana iya barin baƙin tabo na makonni ko watanni, yakan dushe.

Ki tafi da duk kayanki cikin robobinsu, har da man farce, tunda kin ambaci ido. Fatar ido siririya ce, sau da yawa abin da ke yatsu ne yake isa can. Man shafawa ana gwada shi yadda yake, sabulun wanke gashi sai an tsarma. Kar ki kuskura ki manna sabulun wanki ko rini ki rufe a gida, ƙuna za ki samu, kina ma iya jawo wa kanki sabon alaji.

Kuma in an rubuta + ko ++, alamar fatar ta tashi a wurin wani sinadari, ba a gama ba. Dole a zauna a gano ko sinadarin yana cikin abin da kike taɓawa yanzu. Ki karɓi sunayensa a rubuce yadda suke a jikin kwalabe, kamar methylisothiazolinone da ke cikin sabulun ruwa, ki riƙa karantawa kafin ki saya. Man da kike shakka, ki shafa kaɗan a lanƙwasar hannu sau biyu a rana na mako ɗaya zuwa biyu ki gani. Bayan kin kauce wa abin, ki ba fatar makonni kafin ki ce bai yi ba. In kin karɓo sakamakon ki kawo sunayen mu taya ki dubawa.