Amsa ga Baffa kan rediyon da sai an biya ake ji

Assalamu alaikum Baffa. Da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya jama'ar gida. Saƙonku ya iso. Kun tambaya ko da gaske ne a Amurka ana biyan kuɗi kafin a ji rediyo, da kuma ko akwai masu gabatar da shiri da sana'arsu ita ce ashar da batsa, irin sojojin bakan da ke cika tashoshin Kano lokacin siyasa. Duka biyun akwai, kuma labarinsu ɗaya ne. Amma sun bambanta da sojojin baka. Wancan ɗan siyasa ne ke saya masa fili ya ci mutuncin abokin hamayya. Na nan rashin kunyar ce hajarsa, jama'a su taru su ji, masu talla su biya.

Ubansu duka shi ne Howard Stern, mutumin New York. Daga 1986 ya riƙe shirin safe a tashar WXRK, ana kuma yaɗa shi a birane da dama, miliyoyi na saurare a mota kan hanyar aiki. Abin da yake faɗa ba zan iya maimaita muku ba.

To a nan akwai hukumar FCC mai ba da lasisin tashoshi. Hujjarta ita ce rediyon kyauta yana shiga kowane gida ba sallama, yaro ma na iya murɗa akwati ya ji, kuma Kotun Ƙoli ta amince da wannan hujja a 1978. Shi ya sa aka haramta batsa daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare. A 1995 kamfanin Infinity, inda Stern ke aiki, ya biya dala miliyan 1.7 don a kashe maganar tarar da ta taru. Ni a ganina ko a jikinsu, domin kuɗin talla ya ninka haka nesa ba kusa ba.

Abin ya canza ne a Fabrairun 2004, bayan da rigar mawaƙiya Janet Jackson ta buɗe a bainar jama'a yayin wasan Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka. Ƙasa ta ɗauki zafi, hukuma ta ɗaura ɗamara, kamfanin Clear Channel ya cire Stern daga tashoshinsa shida. A watan Oktoba sai ya sanar da cewa zai koma Sirius, rediyon tauraron ɗan'adam, kan kwantiragin dala miliyan 500 na shekara biyar. Ya fara can ranar 9 ga Janairun 2006. Lokacin da ya yi sanarwar masu biyan Sirius ba su wuce kimanin 600,000 ba, amma kafin ƙarshen 2006 sun kai miliyan 6, kowa na ba da dala 12.95 a wata. A shekarar ce kuma Shugaba Bush ya sa hannu aka ɗaga tarar batsa daga dala 32,500 zuwa 325,000. Sai dai wanda aka fi nufi ya riga ya tsallake katanga, domin dokar ba ta hawa kan tashar da mutum ya saya da kuɗinsa. Hukuma na cewa kai ka kira abin da kanka, kada ka zo kana ƙorafi. A 2008 Sirius ya haɗe da abokin gasarsa XM, suka zama SiriusXM.

Yanzu mu, mutanenku na nan. Galibin Hausawan unguwannin Bronx da Harlem na New York, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zangon Gana, ba ma biya. In ka sayi sabuwar mota sukan bar maka SiriusXM kyauta na 'yan watanni don ka ɗanɗana, daga nan wasiƙu su yi ta zuwa ana lallashinka, mu kuwa mu yi shiru har ya yanke. Mai aika kuɗi gida duk wata ba ya ƙara wa kansa wani biyan. Direban tasi cikinmu waya yake haɗawa da mota: BBC Hausa, RFI, tafsiri, ko wata tashar Kano ko Yamai ta intanet. In fasinja ya shigo ya rage murya.

Masu biya su ne direbobin manyan motoci, kuma ba don Stern ba. Mutum zai taso daga New Jersey ya nufi Texas, tashar FM na ɓacewa da zarar ya yi nisa da gari, ta tauraro kuwa tana tare da shi har cikin daji. Labarai da wasanni suke nema. In motar gida ce da yara ke shiga, ana iya sa kamfanin ya toshe tashoshin ashar, waɗanda aka yi wa alama, kuma masu iyali da dama sun yi haka. Gaskiya dai yaranmu ba su ma damu da rediyo ba; abin da ke hana mu barci yana cikin wayoyinsu, can kuwa babu ruwan FCC.

Batun akwatin rediyon tauraro da kuka ce in aiko muku, Baffa ku yi haƙuri, asarar kuɗi ce. Taurarin nasu Amurka da Kanada suke haskawa, a Kano ko ƙara ba zai yi ba. In rediyo kuke so, zan ba mai tahowa ƙarama mai gajeren zango da ake cajinta da rana. A gaida Inna da yara.