Karatun zaman al'ummomi mabambanta: ina ake yin sa, wane aiki yake kai mutum?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Tudun Wadan Zariya, bana zan rubuta JAMB. Abin da ya daɗe yana jan hankalina shi ne yadda mutane masu yare daban da addini daban suke zama wuri guda, da abin da yake haɗa su faɗa. Na ji ana karanta wannan a jami'o'in waje. Akwai shi a ABU? Baba ya ce karatun surutu ne, in nemi jinya ko lauya. In na yi shi, wane aiki zan samu?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki yi saurin jin haushin Baba. Rabin maganarsa gaskiya ce, zan kuma zo kanta.

Da wuya ki buɗe littafin JAMB ki ga digirin farko mai wannan suna. A Kanada, wadda ta mai da zaman al'adu mabambanta manufar gwamnati a 1971 ta kuma yi masa doka a 1988, da Amurka da Ingila, akan sami kwas da sunan ƙarara. A nan gida an rarraba shi ne cikin sassa. A Samaru, babbar harabar ABU, za ki same shi a sashen ilimin zamantakewa, wato Soshiyoloji, da kimiyyar siyasa, da tarihi, da sashen harsuna da al'adun Afirka. A harabar ABU ta Kongo kuma, ɓangaren shari'a da na harkar mulki suna taɓo shi ta wajen doka da ƙananan hukumomi. Wanda ya fi kusa da abin da kike nufi shi ne nazarin zaman lafiya da sasanta rikici. Jami'ar NOUN, ta karatu daga gida, tana ba da digirin farko a kansa, Ibadan da Jos da Ilorin kuma suna da shi a matakin gaba da digiri.

Ni dai da 'yar cikina ce ke tambaya, Soshiyoloji ko tarihi zan ce ta fara da shi, ta bar sasanta rikici sai digiri na biyu. Mai sulhun da bai san asalin gona ba, bai san wanda ya fara saran dajin ba, sai dai ya ce wa mutane su yi haƙuri, kuma wannan kowace tsohuwa a unguwa ta fi shi iyawa.

Kin kuma yi sa'ar gari. Unguwar da kike zaune ita kanta darasi ce. Turawan mulkin mallaka ne suka tsara Zariya gida uku: Birni na 'yan gari, Tudun Wada na baƙin da suka zo daga wasu sassan Arewa, Sabon Gari kuma, wanda ya taso da zuwan jirgin ƙasa, na mutanen Kudu da ma'aikatan kamfanoni. Ga Wusasa can gefe, inda mishan ɗin Dakta Miller suka koma bayan sun bar cikin Birni, inda Hausawa Kiristoci suke tun kaka da kakanni, inda Janar Gowon ya tashi. Wani Bature mai suna Furnivall, da ya yi aiki a ƙasar Burma, wato Myanmar ta yau, ya bayyana irin wannan tsari da cewa al'ummomi ne da suke cuɗanya amma ba sa haɗewa, kasuwa ce kawai mahaɗarsu. Shi kuwa M. G. Smith, ɗan Jamaika da ya shahara wajen faɗaɗa wannan tunani, a ƙasar Zazzau ya yi bincikensa wajen 1949 zuwa 1950. Abin da ɗalibin Landan yake karantawa a takarda, ke Keke Napep za ki hau ki je ki gani.

Shi ya sa nakan tura ɗalibaina kasuwar Sabon Gari da littafi da biro, in ce su zauna awa biyu a rumfa guda, kada su tambayi kowa komai. Sukan dawo da abin mamaki. Ɗan kabilar Ibo mai kayan gyaran mota yana ciniki da Hausar da ta fi tasu karin magana. Lokacin azahar ya yi, maƙwabcinsa Bahaushe ya tafi masallaci, ya bar masa rumfa da aljihun kuɗi a buɗe. Sai in tambaye su: to me ya sa wutar rikicin addini da ta tashi a Kafanchan a watan Maris na 1987 ta iso Zariya cikin 'yan kwanaki? Me ya sa maganar mayar da kasuwa wani wuri ta zama mummunan rikici a Zangon Kataf a 1992? A nan karatun yake. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, wanda ya koyar da tarihi a Samaru har ya rasu a 2005, ya shafe shekaru yana nuna cewa sau da yawa masu neman mulki da dukiya ne suke yi wa addini da ƙabila linzami. Ba dole ki yarda da shi a komai ba, amma ba za ki gama wannan karatu a Zariya ba ki yi dambe da hujjojinsa ba.

Karatun kuma yana koya wa mutum yadda ake tambaya, wanda ni da wahala na koye shi. Ina sabon malami na ɗauki takardar tambayoyi na tafi wata ruga a yankin Giwa. Tambaya ta uku ita ce: shanunka nawa? Ardo ya dube ni, ya sa aka kawo mini fura da nono a ƙwarya, ya ce, "Alhamdulillahi, malam." Na sake tambaya, ya sake cewa Alhamdulillahi, ya tambaye ni lafiyar mutanen gida. Haka na dawo da takardu talatin ba lamba ko ɗaya. Ban san Bafulatani ba ya ƙirga dabbarsa a gaban baƙo ba, balle baƙon da ya zo da biro kamar mai karɓar jangali. Wanda ya san irin wannan shi ake nema idan za a kai rigakafi ƙauye, ko za a raba taki, ko za a shata burtali.

To ga rabin gaskiyar Baba. Mai digirin jinya takardarta ita ce sana'arta. Ke taki takardar ba sana'a ba ce, sai kin haɗa mata wani abu da hannu yake iya yi. Na ga masu sakamako mai kyau suna zaune a gida shekara huɗu, na ga masu matsakaicin sakamako sun sami aiki kafin su gama bautar ƙasa. Bambancin kusan kullum abu uku ne. Sun iya rubuta rahoto da Turanci mai tsabta. Sun iya tattara bayanai da waya su tace su a kwamfuta, ko da Excel da KoboToolbox da SPSS ne. Sannan suna da yare na uku. In Fulatanci ne ko Kanuri, Arewa maso Gabas tana nemanki. In Faransanci ne, ga Nijar da Chadi da Kamaru, ga hedikwatar ECOWAS a Abuja.

Ayyukan gwamnati suna nan, ko da yake kin san yadda shigarsu take. Sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta a riƙa la'akari da kowane yanki wajen rabon muƙamai, kuma akwai hukumar da aka kafa a 1996 don sa ido a kan haka. Akwai cibiyar zaman lafiya da sasanta rikici ta tarayya, IPCR, a Abuja tun shekarar 2000. Jihar Kaduna ta kafa tata hukumar zaman lafiya a 2017. Ga hukumar wayar da kan jama'a ta NOA, ga hukumar ilimin makiyaya mai hedikwata a Kaduna, ga NYSC ita kanta, wadda Gowon ya kafa a 1973 don ɗinke ɓarakar yaƙin basasa.

Inda yawancin ɗalibaina suka faɗa shi ne ƙungiyoyin agaji da na raya al'umma: UNICEF, IOM mai kula da masu ƙaura, Red Cross, da ƙananan ƙungiyoyin gida da suke yi musu aiki a ƙauyuka. Na gida ma ba abin rainawa ba ne. Cibiyar da Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka kafa a Kaduna, mutum biyu da a da suke gaba da juna, ta yi suna har ƙasashen waje. Albashin manyan ƙungiyoyi yana da tsoka, amma kwantiragi ne na wata shida ko shekara, kuma kuɗin daga waje yake zuwa. Da gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji a ƙasashen waje, USAID, a 2025, mutane da yawa sun wayi gari ba aiki. A can Amurkar ma, ofisoshin kula da bambancin ma'aikata da ake ta buɗewa a 'yan shekarun baya yanzu rufe su ake yi. Don haka kada wani bidiyo a TikTok ya sa ki ɗauka akwai kujera tana jiranki a waje.

Sauran hanyoyin a taƙaice: kula da ma'aikata a banki ko kamfani, wanda yake son ki ƙara da jarrabawar CIPM, cibiyar ƙwararrun wannan fanni, jami'ar hulɗa da jama'ar gari a kamfanin gine-gine ko na haƙar ma'adinai, aikin jarida, musamman a kafafen Hausa, da koyarwa, wadda ni ban yi nadamarta ba.

Akwai kuma hanyar da za ta raba gardamarki da Baba. Tunda ya ambaci lauya, ki duba ta da kyau. A Kongo ana karanta dokar ƙasa da shari'ar Musulunci, kuma rikicin gado da gona da aure tsakanin mabambantan al'ummomi a gaban lauya da alƙali yake ƙarewa. Sulhu a wajen kotu ya zama sana'a mai zaman kanta tun da Legas ta buɗe zauren sasantawa a babbar kotunta a 2002, wasu jihohi har da Kano suka bi sahu. Lauyar da ta ƙware a sulhu tana da lasisi a hannu, tana kuma yin ainihin abin da kike so. Sai dai gurbin lauya a ABU yana da tsada wajen maki, kuma sai kina da adabin Turanci a WAEC ko NECO. Ki duba darussanki tun yanzu kafin ki cike fom.

Kafin nan, ki roƙi Baba ya ba ki rana guda ku je Samaru tare, ko ya haɗa ki da yayanki. Ku shiga sashen Soshiyoloji ku nemi ɗaliban aji huɗu, ki tambaye su a kan me suke rubuta kundinsu, shi kuma ya tambaye su ina waɗanda suka gama bara suke.