Amsa ga mai shirin tuƙi daga Edmonton zuwa bakin Tekun Aktik

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa kai da iyali kuna lafiya.

Ka ce hutun mako biyu gare ka, kana so ka ɗauki uwargida da yara a mota daga Edmonton har Tuktoyaktuk a arewacin Kanada, inda hanya ta ƙare a bakin Tekun Aktik, kuma abin da ya fi damunka shi ne beyar. Na bi hanyar nan lokacin zafi, na kuma bi ta da farkon sanyi. Tsakani da Allah, kwanakin da ka ware sun fi tayar mini da hankali a kan beyar ɗin.

Yi lissafin da kanka. Edmonton zuwa Dawson Creek, inda babbar hanyar Alaska ta faro, kusan kilomita 600 ne. Daga nan zuwa Whitehorse wajen 1,400. Sai ka miƙe arewa wajen 500 kafin ka kai mahaɗar hanyar Dempster, ita kuma ta haura 730 zuwa Inuvik, sannan 138 na ƙarshe zuwa Tuktoyaktuk, wadda sai a Nuwambar 2017 aka buɗe ta. Zuwa da dawowa kusan kilomita 6,700 ke nan, kamar ka je Legas daga Kano ka dawo sau uku da ɗoriya. A kwana 14, kullum sai ka ci kusan kilomita 500, ba hutu, da yara a baya. In za ka iya neman mako uku, nema. In bai samu ba, ka tsaya a garin Dawson City da ke kusa da mahaɗar, ka shiga Dempster kilomita 70 kawai zuwa duwatsun Tombstone, ka kwana biyu ka juyo. Ba za ka yi da-na-sani ba.

Abin da ya sa nake matsa maka a kan kwanaki shi ne yanayin can ba ya riƙe alƙawari. A watan Yuli za ka iya fita da safe da 'yar shara, zafi ya kusa digiri 30, kafin la'asar hadari ya haɗo, iska ta taso, ka ga kana laluben rigar sanyi. A tsaunukan Richardson, inda za ka tsallaka daga yankin Yukon zuwa Yankin Arewa maso Yamma na Kanada, dusar ƙanƙara na iya sauka a kowane wata na shekara. Dempster kuwa hanyar tsakuwa ce, ba kwalta. An ɗora ta ne a kan tudun tsakuwa mai kaurin fiye da mita guda, domin ƙasar da ke ƙarƙashi a daskare take shekara da shekaru, in zafin hanya ya taɓa ta sai ta narke ta lotsa. Shi ya sa a wurare da yawa ba ta da kafaɗa, in tayarka ta zame gefe sai gangare. Suna kuma zuba wani irin gishiri don kwantar da ƙura, wanda da ruwa ya taɓa shi hanyar ke zama taɓo mai santsi. Ranar da aka wuni ana ruwa ni ba na fita. Na taɓa zama a Eagle Plains, wani zango a tsakiyar hanyar Dempster, ina jiran ƙasa ta sha iska, waɗanda suka yi gaggawar fita kuwa washegari na wuce motar wasu daga cikinsu a kwance a gefe.

Akwai koguna biyu da babu gada, Peel kusa da Fort McPherson da Mackenzie a Tsiigehtchic. Jirgin fito ne ke tsallakar da motoci, kyauta, daga wajen watan Yuni zuwa Oktoba, kuma in Peel ya cika ya kawo itatuwa sukan dakatar da fito har ruwa ya ja. Ga wutar daji. A Mayun 2024 sai da aka kwashe mutanen garin Fort Nelson gaba ɗaya, kuma hanyarka ta cikin garin ta bi. Kowanne daga cikin waɗannan zai iya cinye maka kwana ɗaya ko biyu, kuma mai ƙurarren lokaci shi ne ke taka mota inda bai kamata ba.

Game da wata, ni na fi son tsakiyar Agusta zuwa ƙarshensa. Sauro ya ragu, ciyayin Tombstone sun fara komawa ja da ruwan ɗorawa, dare ya dawo bayan lokacin da rana ba ta faɗuwa. A Yuli sauron can sai ka gani da idonka, ku tafi da maganin shafawa da ragar rufe fuska. Satumba kuwa caca ce da sanyi.

To, batun dabbobi. Beyar za ka gani, baƙaƙe a gefen hanya tsakanin Fort Nelson da Watson Lake suna kiwon ciyawa, manyan masu tozo kuma a Dempster. Ka'idar da hukumar gandun daji ta Kanada ta sa ita ce tazarar mita 100. Ku kalle su daga cikin mota, kada wanda ya fita ɗaukar hoto, kada a jefa musu abinci. Sayi barkonon fesa wa beyar tun a Edmonton, ka koyi cire makullinsa, ya zauna a ƙugunka duk lokacin da kuka shiga daji da ƙafa. In za ku kwana a tanti, kilishi da dambun naman da na san uwargida za ta yi guzuri da su a but za su kwana a kulle, har da man goge baki, domin hancin dabbar nan ya wuce misali.

Amma waɗanda suka fi jawo haɗari a kan hanya su ne ɓauna da mus. Daga Liard River zuwa Watson Lake garken ɓauna ke kwanciya a kan kwalta, namiji yakan kai kilo 900, jikinsu baƙi, da dare ba ka ganinsu sai ka zo daf. Mus kuma, ƙaton dangin barewa ne mai dogayen ƙafafu, in mota ta doke shi ƙafafun take sharewa, gangar jikin ta faɗo kan gilashin gaba. Da asuba da almuru suka fi fitowa, saboda haka ni rana na yin ƙasa nake neman masauki. A wajen tafkin Muncho za ka tarar da tumakin dutse suna lasar gishiri a tsakiyar hanya, sau da yawa a bayan kwana, ka rage gudu. Ku tsaya a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Liard, yara za su ji daɗinta ƙwarai.

Ta fannin mota, tayoyi su ne kan gaba. Duwatsun da aka shimfiɗa a wasu sassan Dempster masu kaifi ne, ka tafi da safaya cikakkiya, biyu in da hali, da kayan faci da famfon iska. Daga mahaɗa zuwa Eagle Plains kusan kilomita 370 ne ba gidan mai, ba bakanike, ba sabis ɗin waya. Duk inda ka ga mai, cika tanki ko da rabi gare ka. In ka hango tirela, rage gudu ka raɓe dama, tsakuwar da take watsowa ce ke fasa gilashi. Za ka ga wuraren da hanyar ta yi faɗi ta miƙe da allon hana tsayawa, filin saukar ƙananan jirage ne, kada ka yi fakin a wurin. In motar haya ce, karanta takardar, kamfanoni da yawa sun hana hawa wannan hanya.

Sai salla. A Inuvik rana ba ta faɗuwa har kwana 56, daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli. Malamai sun yi fatawa a kan bin lokutan gari mafi kusa da ke da dare da rana, wasu suka ce na Makka. Ka zauna da malaminka kafin ku tashi, ya warware maka wannan tare da ƙasaru da haɗa salloli. Hasken nan yana kuma yaudarar direba, agogo ya nuna sha ɗayan dare ido na ganin la'asar, sai gyangyaɗi ya zo ba sallama. Alƙibla a can ta ƙara karkata arewa fiye da yadda ka saba a Edmonton. Akwai masallaci a Inuvik, wanda aka ƙera a Winnipeg a 2010, aka ɗauko shi a tirela sannan a jirgin ruwa ta kogin Mackenzie. In ka daidaita tafiyar Juma'a ta same ka a garin, za ka ji sanyi a ranka.

Fort McPherson da Tsiigehtchic garuruwan ƙabilar Gwich'in ne, Tuktoyaktuk ta ƙabilar Inuvialuit ce, duk 'yan asalin yankin. Kifin da za ka ga an shanya a bakin ruwa abincin gidan wani ne, a nemi izini kafin a ɗauki hoto.

Kafin ka bar Dawson City ka duba rahoton hanya na 511 Yukon, ka kuma gaya wa wani a gida ranar da kake sa ran isa Eagle Plains. Faɗa mini irin motarka da shekarun yaran, sai in tsara maka wuraren kwana daidai da su. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.